Manhajojin Haɗa Darasi a Intanet: Tambayoyin Malamai da Amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wannan. Ka gama bayani, ka juyo daga allo ka ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Eeeh, Malam!" Ranar gwaji kuma ka tarar rabinsu ko hanyar ba su kama ba. Yawancin abin da za ka karanta a nan a kan wannan "eh" ɗin yake, da yadda waya ko kwamfuta za ta taimaka wa malami ya san abin da ke ƙarƙashinta tun kafin a buga ƙararrawa. Tambayoyin su ne waɗanda abokan aiki suka fi yi mini a ɗakin malamai da wajen bita. Na yi ta cewa "kai" don sauƙin rubutu. Malama, har da ke nake.

Wai mece ce manhajar haɗa darasi?

Kalmar manhaja fuska biyu gare ta a bakin malami. Akwai manhajar karatu da hukumar NERDC ke tsarawa, akwai kuma manhajar da ake saukewa a waya. Ta biyun nake nufi, ko da yake ta farkon ce uwargijiyarta. Shafi ne na intanet, ko wata manhaja, da ke ba ka damar tara bayani da hoto da bidiyo da murya da tambayoyi wuri guda, ka jera su yadda kake son ɗalibi ya bi.

Ba duka suka zama ɗaya ba. Kahoot, wadda ta fito daga ƙasar Norwe a 2013, da Quizizz ta Indiya, na gasar tambayoyi ne. Google Forms na rubuta gwajin da ke duba kansa da kansa. Edpuzzle na tsayar da bidiyo a tsakiya ya jefa wa ɗalibi tambaya, sai ya amsa ya ci gaba. Nearpod na haɗa shafukan bayani da tambayoyi a darasi guda. Google Classroom, da aka fitar a 2014, da Moodle, da ke nan tun 2002 kuma jami'o'i suka fi amfani da ita, su kamar ajin ne kansa: wurin ba da aiki, karɓar aiki da ajiye maki. PhET da GeoGebra kuma ɗakin gwaje-gwaje ne a cikin waya.

Allo da alli ne suka koyar da mu har muka zama malamai. Me zai sa in ƙara wa kaina aiki?

Gaskiyarka, kuma ba wanda ya ce ka ajiye alli. In dai don ka nuna wa yara rubutun da za ka iya yi a allo ne, to kada ma ka wahalar da kanka, allo ya fi sauri kuma ba ya cin caji.

Abu ɗaya ne allo ba zai yi maka ba, shi ne ya gaya maka abin da ke kan kowane yaro. A aji mai ɗalibai 80, in ka yi tambaya hannu biyar ne ke tashi, kuma hannuwan jiya ne, su ne na shekaranjiya. 'Yan bencin baya da yarinyar da ke jin nauyin magana a gaban maza, zango zai ƙare ba ka ji muryarsu ba. In ka ce za ka ba da gwaji a takarda kullum, dubawar ce za ta cinye maka dare, kuma kafin ka mayar da takardun an wuce wannan babin, ya zama ihu bayan hari. Manhaja tana karɓar amsar kowa a lokaci guda, ta nuna maka nan take cewa tambaya ta uku ce ta kayar da mafi yawan aji. Sai ka san inda za ka koma.

Akwai kuma amfanin tambayar ita kanta. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai da wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka ɗauke takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, bayan mako guda kuwa waɗanda aka sa su tuno da ka suka wuce su. Alaramman tsangaya ba zai yi mamakin wannan ba, don shi tun asali ba ya barin almajiri ya wanke allo sai ya kawo hadda ba tare da dubawa ba. Gajeren gwaji a kai a kai wannan aikin yake yi.

Ɗalibaina ba su da waya, makarantar ma ta hana shigowa da ita. Tawa ce kaɗai a ajin.

Wannan shi ne halin da yawancinmu ke ciki, kuma akwai manhajar da kamar don mu aka yi ta. Sunanta Plickers. Za ka buɗe asusu, ka shigar da sunayen 'yan ajinka, ka sauke katunanta ka kai shagon buga takardu. Kowane kati yana ɗauke da wani baƙin zane mai kusurwa huɗu da lambarsa, an rubuta A, B, C, D ƙanana a gefunan. Ka rubuta tambaya a allo da zaɓi huɗu. Kowane ɗalibi ya juya katinsa, harafin da ya zaɓa ya kalli sama, ya ɗaga. Kai kuma ka bi ajin da kyamarar waya daga wannan bango zuwa wancan. Kafin ka sauke hannu wayar ta nuna maka wa ya zaɓi me, da sunansa. Da yake zanen kowa daban ne, haruffan kuma ƙanana, leƙen katin maƙwabci ba ya amfani.

Ranar da na fara gwadawa, lissafin kashi-kashi muke yi da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Na tambaya, tsakanin 1/4 da 1/8 wanne ya fi yawa? Minti biyu kafin nan duk sun ce sun gane. Da katuna suka tashi sai ga fiye da rabin aji sun zaɓi 1/8, tunda a ganinsu 8 ta fi 4. Na ajiye wayar na ce, "Ku da kuke zuwa Islamiyya, matar da mijinta ya rasu bai bar ɗa ba, me take gada?" Suka ce rubu'i. "In ya bar 'ya'ya fa?" Suka ce tumuni. "To a ina rabonta ya ragu?" Aji ya yi tsit, sannan wata yarinya daga can baya ta ce, "Au! Malam, ashe tumunin ne ƙarami." Bayanin daga kaina ya fito, ba daga waya ba, amma ba don katunan ba da na wuce babi na gaba da "eh" ɗinsu a aljihu.

Ka lura da abu uku. Katunan 63 ne iyakarsu a aji guda, don haka in 'yan ajinka sun haura haka sai ka haɗa su biyu-biyu a kati ɗaya, wanda ma yana sa su yi shawara kafin su ɗaga. In za ka rufe katunan da leda, ka guji mai sheƙi, don hasken taga na hana kyamara karantawa. Buga su a kwali mai kauri ya fi. Sannan wayarka tana buƙatar sabis. Inda babu shi ɗungurungum, ka yanka kwali ka rubuta A, B, C, D da manyan haruffa, su ɗaga ka ƙirga da ido. Ba za ka samu sunaye a ajiye ba, amma da babu gara ba daɗi.

Garinmu sabis sai an hau tudu, wutar NEPA kuwa sai a mafarki. Akwai abin da zai yi aiki?

Akwai, da sharaɗin a yi saukewar a wani wuri a kawo.

Kolibri ita ce babba a nan. Ƙungiyar Learning Equality da ke Amurka ce ta yi ta musamman don wuraren da babu intanet, kuma kyauta ce. Ana sa ta a kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, a je inda sabis ke da ƙarfi a sauke darussan da ake so sau ɗaya, kamar na Khan Academy, wato shafin darussan bidiyo da atisaye, da PhET da littattafan African Storybook. In an dawo makaranta, wannan kwamfutar ce za ta riƙa raba wa sauran wayoyi da kwamfutocin da ke kusa da ita ta Wi-Fi, ba a taɓa data ko kaɗan. A ciki malami na iya zaɓo bidiyo biyu da atisaye uku ya haɗa darasi, ya ba wani rukuni, ya kuma ga wanda ya gama da wanda ya maƙale. Wata makarantar ma za ta iya kwafar darussan da filas. Saitin farko dai yana son wanda hannunsa ya faɗa da kwamfuta, don haka ka jawo malamin kwamfuta a jiki.

Gwaje-gwajen PhET, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2001, ya assasa a Jami'ar Colorado a 2002, ana sauke kowanne a matsayin fayil guda, ya buɗe ba intanet. Ka tura wa abokin aiki ta Xender ko Bluetooth. GeoGebra ma tana aiki ba sabis in ka sauke ta. Mai son ƙera nasa atisayen, irin na cike gurbi ko jawo kalma a ajiye ta a mazauninta, ya nemi Lumi a kwamfuta.

Batun wuta kuwa, fawabank mai kyau ya fi maka majigi amfani. Majigi na son janareta ko sola mai ƙarfi, yana kuma son duhu, ajinmu kuwa tagogi a wangale suke saboda zafi.

To ta ina zan fara in ina son haɗa darasi?

Da biro da takarda. Ka rubuta jimla ɗaya: a ƙarshen minti 40 ɗin nan, me nake son yaro ya iya yi wanda bai iya ba da safe? Wanda ya fara da buɗe manhaja yakan ƙare da zaɓen launi da kiɗa, dare ya raba bai rubuta tambaya ko ɗaya ba.

Mu ɗauki darasin haɗa wutar lantarki. Manufa ita ce ɗalibi ya iya faɗin abin da zai faru in ƙwan lantarki ɗaya ya mutu a haɗin layi ɗaya, da kuma a haɗin reshe-reshe. Daga nan sai tambayoyi, tun kafin bayani, kuma a nan gwanintar malami take. Tambayar canki-canka ba ta da amfani in amsoshin banza uku ka jera kusa da ta gaskiya. Kowace amsar da ba daidai ba, ta kasance kuskuren da ka san yara na yi. Misali, batir ɗaya da ƙwai uku a layi ɗaya, aka cire na tsakiya, me zai faru? A, duka su mutu. B, na farko ya ci gaba da ci, na ƙarshe ya mutu. C, sauran biyun su ƙara haske. D, ba abin da zai canza. Wanda ya zaɓi B yana ɗaukar wuta kamar ruwan famfo ne da ke tafiya har inda aka toshe shi. Wanda ya zaɓi C ya ɗauka rabon wanda aka cire ne sauran za su cinye. Kowane zaɓi ya faɗa maka irin ciwon, ka san maganin da za ka ɗauko.

A aji, ka fara da wannan tambayar, su amsa, kada ka faɗi daidai. Sai ka buɗe gwajin haɗa wuta na PhET, ka kira su rukuni-rukuni zuwa teburinka in waya ɗaya ce, wani ya ja batir, wani ya ja ƙwai, su cire na tsakiya da hannunsu. Gani ya kori ji. In kana da batir na gaske da ƙwan tocila da 'yar wayar wuta, su ma ka kawo, sun fi hoton. Daga nan ka tambaye su me ya sa in ƙwan ɗakin Inna ya mutu na zaure ba ya mutuwa. Minti biyar na ƙarshe ka sake tambayar farko da wasu biyu sababbi. Manhaja ba ta ci fiye da minti 15 a cikin 40 ba, kuma haka ya kamata.

Manhaja ɗaya ta ishe ka zango guda. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kahoot ko Quizizz, wacce ta fi? An ce suna mayar da aji kasuwa.

Suna mayarwa. Ka sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai tun da wuri.

A Kahoot kowa na tafiya tare, tambaya ɗaya a babban allo, ɗalibai su shiga da lambar da ka ba su. A Quizizz, wadda ta koma Wayground a 2025, tambayar na fitowa a wayar kowa, ya tafi da saurinsa, shi ya sa ta fi dacewa da inda babu majigi. In wayoyi biyar ko shida ka samu, ka raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da waya ɗaya. Abin da ba na so a Kahoot shi ne tana ƙara maki ga wanda ya riga latsawa. Yaron da ke tsayawa ya yi tunani, ko wanda Turanci ke ɗaukarsa lokaci kafin ya fahimci tambaya, kullum shi ne a ƙasa, mai canka da sauri kuma a sama. Ka tsawaita lokacin amsa, kuma kada ka taɓa ɗaukar makinta ka sa a makin zango. Wasa ce ta bita, ranar Alhamis ko ƙarshen babi.

Sai an biya kuɗi?

Kolibri, PhET, GeoGebra, Khan Academy, Google Forms da Google Classroom kyauta ne. Kahoot, Nearpod, Edpuzzle da Plickers suna da ɓangaren kyauta mai iyaka, ko a yawan ɗalibai ko a yawan tambayoyi ko a wurin ajiya, iyakar kuma tana canzawa, sai ka duba kafin ka tara yara. In an ce ka sa lambar katin banki don gwajin kyauta na wasu kwanaki, ka tsallake. Da dala ake cira, kuma in ka manta ba za su tuna maka ba.

Data fa? Albashin bai kai ba.

Bidiyo ne ke shanye data. Rubutu da tambayoyi ba sa cin komai, saƙon murya na minti guda a WhatsApp ma bai kai megabait ɗaya ba. Ka sauke bidiyo sau ɗaya a ƙaramin inganci, da dare in layinka na da garaɓasar dare, ka raba wa sauran malamai ba ta intanet ba. In ku huɗu ne ke koyar da darasi ɗaya, kowa ya ɗauki babi ya haɗa, ku yi musaya. Amma fa a faɗi gaskiya, datar aikin makaranta makaranta ya kamata ta saya, kamar yadda take sayen alli. Ka kai maganar gaban shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai.

Zan iya haɗa darasi da Hausa? Ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa?

Za ka iya. Maɓallan yawancin manhajojin da Turanci suke, amma abin da ka rubuta a ciki naka ne. Ka shiga saitin Gboard, wato madannin rubutu na waya, ka ƙara Hausa, haruffa masu lanƙwasa za su samu. Malaman Maraɗi da Damagaram da ke rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y, su ma akwai tasu. Kada ka yi sakaci da wannan, musamman a firamare, don yaron da ke koyon karatu bai kamata a bar shi yana cankar ko kafa ake nufi ko ƙafa ba. Matsalar takan zo daga salon rubutu. A manhajar zane ta Canva da makamantanta wasu salon ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga ɗan akwati a gurbinsu ko harafin ya fita daban da 'yan'uwansa. Andika, wanda ƙungiyar SIL ta zana don masu koyon karatu, da Noto Sans, duk suna da su.

Littattafan yara na Hausa kuwa, akwai su a African Storybook ta Afirka ta Kudu da StoryWeaver ta Indiya, kuma dukansu sun yarda ka sauke, ka buga, ka fassara, ko ka rubuta naka da hotunansu. Ka karanta kafin ka kai aji. Wasu fassarorin Hausarsu ta yi tsami, sai ka gyara.

Ina jin ana maganar Nigeria Learning Passport. Ita ma irin wannan ce?

Kusa da haka. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ta ƙaddamar da ita a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft, bayan darasin da aka koya daga rufe makarantu na korona a 2020, lokacin da jihohi suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin. Rumbu ce ta darussan da aka riga aka shirya bisa manhajar ƙasa, da Turanci da Hausa da Yarabanci da Ibo, rajista kuma kyauta. Amfaninta gare ka shi ne ba sai ka yi ta laluben bidiyon da ya dace da jadawalinka a YouTube ba, inda misalan duk da dala da dusar ƙanƙara suke. Ka ɗebo daga can, ka ɗora naka tambayoyin.

ChatGPT da Gemini suna rubuta shirin darasi cikin daƙiƙa. Laifi ne in na yi amfani da su?

Ba laifi ba ne, amma ka ɗauke su kamar ɗalibin koyon koyarwa da aka turo maka daga kwalejin ilimi: yana da sauri, yana da ƙwazo, bai san ajinka ba, kuma ba ya taɓa cewa bai sani ba. Suna da amfani wajen ba ka tambayoyi 20 ka zaɓi biyar, ko sauƙaƙa Turancin wani sakin layi. Suna kuskure a lissafi wani lokaci, suna cakuɗa shekarun tarihi, in ka nemi karin magana kuwa sai su ƙera maka wadda ko kakarka ba ta taɓa ji ba. Aya da hadisi kada ka ɗauka daga gare su sai ka buɗe Mus'hafi ko littafin da ka amince da shi. Duk tambayar da za ka kai aji, ka amsa ta da kanka tukuna.

In na tura gwaji ta Google Forms a yi a gida, ai yayyensu ne za su amsa musu.

Wasu za su amsa. Akwai saitin da ke cakuɗa jerin tambayoyi da na zaɓuɓɓuka, da wanda ke hana mutum amsawa sau biyu, amma ba wanda ke ganin hannun da ke riƙe da wayar. Maganin shi ne ka cire abin da ke sa a yi satar. Ka gaya musu aikin gida na waya ba shi da maki, don ka san inda za ka maimaita ne. Gwajin da ke shiga rajista a yi shi a aji, kana tsaye. Ka kuma tuna da wanda gidansu ba babbar waya, ko wayar na hannun Baba sai ya dawo kasuwa bayan isha'i. Kowane aikin da ka tura ta waya, ka rubuta shi a allo ma.

Iyaye za su yarda? Ina tsoron abin da zai biyo baya.

Tsoronka a kan hanya yake. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro. Tun kafin doka ma al'ada ta faɗa. Ka nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, a sanar da iyaye. A manhaja, sunan farko da lambar rajista sun wadatar, ba ruwanta da ranar haihuwa ko adireshin gida ko hoto. Kada ka ɗauki bidiyon ajinka ka sa a Facebook ko TikTok don a yaba maka, musamman in akwai 'yan mata, kuma ko da wasa kada ka yaɗa amsar yaron da ya yi kuskure.

In zauren WhatsApp za ka buɗe, na iyaye ya zama, da lambobinsu, a sa shugaban makaranta ko wata malama a cikin masu kula da shi. Malami namiji ya riƙa tura wa ɗaliba saƙo ita kaɗai da sunan darasi, wannan ƙofa ce da ba a buɗewa, komai kyan niyya.

An kawo mana kwamfutoci shekarun baya, suna kulle a sito. Ba haka wannan ma zai ƙare ba?

Zai iya. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare kwamfutoci dubu ɗaruruwa a shirin nan na kowane yaro da tasa kwamfutar, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin komai a makinsu na lissafi da harshe ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi shi ma ya ce ingantacciyar hujja kan amfanin waɗannan kayan ba ta da yawa, kuma wani kaso nata daga masu sayar da kayan take fitowa. Na'ura takan mutu a sito ne in an kawo ta ba a tambayi malami me yake buƙata ba, ba a tanadi wuta da mai gyara ba, shugaban makaranta kuma na tsoron a ce ta lalace a hannunsa.

In kuna da irinsu, ga hujjar da za ka shiga ofis da ita: "Ranka ya daɗe, tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Yaranmu na zuwa cibiyar jarrabawa ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba." Wannan maganar takan fito da makulli. Ko guda 10 ne suka tashi, a sa musu Kolibri, 'yan ajin ƙarshe su riƙa shiga rukuni-rukuni.

Masu duba makarantu littafin shirin darasi na hannu suke tambaya. Aiki biyu ke nan?

Kusan haka, sai dai na biyun gajere ne. Ka rubuta littafinka yadda aka saba, a gurbin kayan koyarwa ka sa sunan manhajar, a gurbin auna fahimta ka kwafe tambayoyin. In jami'i ya zo, nuna masa sakamakon aji a waya. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi dubawa ba.

In na zuba wahalata a manhaja, rana ɗaya ta rufe fa?

Yana faruwa. Edmodo, da malamai da yawa suka dogara da ita lokacin korona, ta rufe a watan Satumba na 2022. Google da kansa ya kashe Jamboard a ƙarshen 2024. Kayan aro ba ya rufe katara. Ka fara rubuta tambayoyinka a fayil ɗinka na Word ko WPS, ko ma a littafi, daga can ka kwafa zuwa manhaja. Ƙarshen kowane zango ka sauke maki ka ajiye a filas.

Ranar da komai ya ƙi aiki a tsakiyar darasi, yaya zan yi?

Wannan ranar tana nan zuwa, tawa ta zo a mako na uku. Na aro wayoyi shida daga malamai, na raba rukunai, yara sun ɗauki zumuɗi, sai sabis ya ɗauke. Na tsaya ina ɗaga waya wajen taga ina cewa "yanzu zai dawo", har minti 20 suka tafi, aji ya koma filin dambe, mataimakin shugaba ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Tun daga ranar nake bin ƙa'ida biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk abin da ke saukuwa na sauke shi tun daren jiya, na buɗe shi a ajin da zan shiga, a bencin baya, in ga ko rubutun na karantuwa daga can kuma ko sautin na kaiwa. Ta biyu, minti biyu nake ba manhaja. In ba ta tashi ba, wayar ta koma aljihu, in ɗauko takardar da na rubuta tambayoyin nan biyar, monita ya raba kwalayen A, B, C, D da ke cikin durowar tebur, mu ci gaba daga inda muka tsaya.